Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Shirya Barkwancin Iyali a Kaduna Kan Labarin Yaro Mai Baiwa

Zuwa ga marubuta, masu shiryawa da masu ba da umarni na shirye-shiryen barkwancin iyali da ake ɗauka a Kaduna da kewaye.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da yi muku sannu da ƙoƙari, mu da muka haɗu a kan wannan takarda malaman makaranta ne, na firamare da sakandare da Islamiyya, tare da 'yan kaɗan daga cikin masu sana'ar tsara labari. Magana ɗaya ce ta kawo mu. Duk shirin iyali da ya yi tsawon rai, ko ba jima ko ba daɗe sai ya kai ga kashin da za a ce an gano yaro mai baiwa a gidan, dangi su taru a kansa. Labari ne mai daɗin kallo, ba kuma hana ku yin sa muka zo yi ba. Roƙonmu ku rubuta yaron nan a matsayinsa na yaro, ku bar dariyar ta sauka a kan manyan da suka kewaye shi.

Ku na Kaduna muka zaɓa saboda a garin nan aka fara kunna tashar talabijin a Arewa, a 1962, kuma nan ne wasan kwaikwayon Hausa na talabijin ya yi ƙarfi kafin ya bazu. Abin da kuka saka a bakin ɗan wasa da daddare, washegari da safe ana maimaita shi a Rigasa da Kawo da Tudun Wada, a bakin famfo da cikin aji.

Kun san yadda aka saba tsara kashin. A ɗauko yaro ɗan shekara tara ko goma, a ɗora masa tabarau mai faɗi, a cusa masa riga cikin wando, a ba shi wani littafi mai kauri ya riƙe ko aike aka yi masa. Duk wanda ya buɗe baki sai ya gyara masa magana da dogayen kalmomin Turanci waɗanda shi kansa yaron da ke wasan bai san ma'anarsu ba. Kawu ya kira shi Farfesa, a saki sautin dariya. A ƙarshe ko dai ya ci wata gasa a ba gidan mota, ko ya sha kunya a bainar jama'a a ce ga shi nan, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Illar wannan tsari a aji take fitowa. Yaron da ya saba ɗaga hannu yana tambaya sai abokansa su liƙa masa sunan da suka ji a shirin, shi kuwa ya koyi sauke hannunsa. A gida kuma iyaye su ɗauka cewa alamar baiwa ita ce a tsayar da yaro gaban baƙi ya zuba Turanci, wanda bai iya zubawa ba kuwa a cire shi daga lissafi.

Yaro mai baiwa na gaskiya ba haka kamanninsa suke ba. Abin da ake maimaita wa aji har sai ya zauna, shi da an faɗa sau ɗaya ko biyu ya kama, ya kuma wuce gaba yana neman inda ƙa'idar ba ta aiki. Tambayarsa ba ta tsayawa a amsar farko: in ka ba shi dalili sai ya tambayi dalilin dalilin. Yakan duƙufa a kan abu ɗaya har ya manta da abinci, kuma rashin adalci yana ƙona masa rai fiye da sa'o'insa, ko da a rabon ƙosai ne. Amma babban abin da muke so ku riƙe shi ne, girmansa ba ya tafiya tare. Yarinya 'yar shekara takwas tana iya yin tunanin 'yar shekara goma sha uku a lissafi, hannunta na nan a shekara takwas, zuciyarta kuma wani lokacin ko nan ba ta kai ba. Shi ya sa rubutunta yake zama kamar tafiyar kaza, don tunanin ya riga fensirin. Shi ya sa take tsallake matakai ta rubuta amsa kawai, malami ya rage mata maki ko ya zarge ta da satar amsa. Aikin minti talatin ta gama shi a minti biyar, sauran lokacin ta dami na kusa da ita, ta sha bulala. Sau da yawa ba ita ke zuwa ta ɗaya a aji ba. Kuma ita ɗin ce dai za ta fashe da kuka don an cinye ta a 'yar carafke.

Wannan rashin daidaiton shi ne taskar barkwancinku, kuma kun bar shi a ƙasa kuna neman dariya a tabarau.

Kada kuma ku taƙaita baiwa a cikin littafi. Yaron da ke raka babansa Panteka, ya kwance fanka ya mayar ba tare da an nuna masa ba, yana cikin waɗanda muke magana a kansu. Haka yarinyar da ke riƙe lissafin cinikin awarar mahaifiyarta da ka, da bashin kowane gida a layin. Iya Turanci kuwa yakan nuna irin makarantar da aka iya biya wa yaro ne. Ku bar yaron shirinku ya yi Hausa mai kyau, kaifin ya fito daga abin da ya lura da shi.

Bari mu kawo misalin labari ɗaya, don magana ta fito fili. Kwana uku babu wuta, injin burtsatse bai tashi ba. Baba ya yi tafiya ya bar wa Kawu kuɗi a cika tankin gidan mai lita 1,000. Kawu, wanda kullum yake tuna wa mutane cewa ya yi lissafi a makaranta, ya zauna ya buga: jarka lita 25 ce, ke nan jarka 40, kurar ɗan garuwa tana ɗaukar jarka 10, kura huɗu ta gama magana. Aka juye kura huɗu, tanki bai cika ba. Kawu ya ce tankin ya huje, ya kwanta a ƙasa yana lalube. Goggo ta ce 'ya'yan maƙwabta ne ke zuwa ɗiba ta katanga. Kaka ta ce ita dama tun da aka sare bishiyar tsakar gida ba ta yarda da gidan ba. Yarinyar gidan mai baiwa, 'yar shekara takwas, ba ta ce komai ba, amma tun da safe da tana taya Inna wanki ta lura cewa jarka ɗaya tana cika bokitin fenti cif, babu ragowa, kuma a jikin bokitin an rubuta lita 20. Jarka 40 sau 20 ya ba da 800. Saura 200, wato kura ɗaya daidai.

Har zuwa nan lissafin aji uku ne, kuma da gangan muka zaɓe shi. Mai kallo a gida zai iya bin sa da kansa, wani ma ya riga Kawu ganewa, to a nan ne zai ji wa yarinyar daɗi. Da kun ba ta wani dogon lissafin jami'a a allo, babu wanda zai san ko daidai ne, kuma babu wanda zai damu. Sai dai a kula da kayan aiki. Dole kamara ta nuna rubutun jikin bokitin tun a fitowa ta biyu ko ta uku, a tsaya a kansa kamar daƙiƙa biyu, ba tare da wani ya ambata ba. Tankin roba baƙi ne, ba a ganin ruwan cikinsa, don haka a ba Kawu sanda ya riƙa tsomawa yana sa alama da gawayi. Mai lura da ci gaban shiri ya rubuta inda alamar take a kowace fitowa, don ba a jere ake ɗauka ba, kuma masu kallo suna kama irin wannan kuskure nan take.

Zuciyar kashin tana bayan lissafin. Yarinyar ta faɗi abin da ta gano a lokacin da bai dace ba, daidai sa'ad da Kawu ya riƙe kurar ɗan garuwa a ƙofar gida, maƙwabta sun taru, yana cewa an cuce shi. Ɗan garuwa ya ce shi da jarka yake sayarwa, babu wanda ya tambaye shi lita. Muna roƙo a nan kada ku mayar da talakan mutumin macuci don labari ya yi sauƙi. Kuskuren na Kawu ne, kuma ya fi ban dariya a haka. Aka watse, Kawu ya shige ɗaki, Goggo ta hau yarinyar da faɗa cewa ba ta da kunya, ta tozarta babba a gaban mutane. Ita kuwa ta kasa gane yadda faɗin gaskiya ya zama laifi, ta rushe da kuka irin na 'yar shekara takwas. Wannan shi ne ainihin abin da irin waɗannan yara ke fama da shi a gidajenmu: sun san amsar, ba su san lokacin faɗinta ba, kuma babu wanda ya zaunar da su ya koya musu.

Wanda ya san lokacin faɗin magana shi ne Yayanta, ɗan shekara goma sha biyu, wanda sakamakonsa bai taɓa wuce tsakiyar aji ba. Shi ne zai bi ɗan garuwa ya ba shi haƙuri, ya dawo ya ce wa Kawu ai mutumin ya ce a gaishe shi, kuma kura ta biyar tana hanya. Ya buɗe wa Kawu ƙofar fita ba tare da ya zubar masa da girma ba. Mun dage a kan wannan yaron saboda a kowane gida da ke da mai baiwa ɗaya, akwai 'yan'uwa uku ko huɗu da ke zaune gaban talabijin ɗin nan suna jiran su ga ko su ma an san da su. In kuka mayar da Yaya daƙiƙin da ake auna hasken ƙanwarsa da shi, kun koya wa iyaye kwatance, kuma kwatance tsakanin 'ya'ya, balle a gidan da ke da 'yan uba, yana barin tabon da ake kaiwa har girma. A rufe kashin da dare: an sake ɗauke wuta, yarinyar da ta warware lissafin tanki tana tsoron fita tsakar gida ita kaɗai, ta tashi Yaya ya raka ta da tocila.

Al'adarmu ta riga ta ba ku kayan aikin da marubutan wasu ƙasashe ba su da shi. Akwai wasan jika da kaka. Kaka tana kiran jikarta kishiya, jika namiji kuma maigida, kuma a cikin wannan wasan yaro yana da izinin mayar da magana ba a ce ya yi rashin kunya ba. Ke nan duk gyaran da yarinyar za ta yi wa babba a ji daɗinsa, ta bakin wasa da Kaka ya kamata ya bi, ko da taubashinta. Kuma Kakar ce ta fi dacewa ta rarrashe ta bayan faɗan Goggo, ta nuna mata cewa da ta ja Kawu gefe ta raɗa masa, da ya cika tanki ya kuma saya mata alewa. Akwai kunyar ɗan fari. In a naku labarin yarinyar ce ta fari, Inna ba za ta kama sunanta ba, balle ta yabe ta a gaban mutane. To a nuna alfaharinta da aiki: ta ƙara mata tsokar nama a kwano ba ta dube ta ba, ko a ga ta adana tsohon littafin lissafin yarinyar a ƙasan akwatinta tare da zannuwan aurenta. Fitowa ɗaya irin wannan, ko kalma babu, ta fi jawabin shafi guda. Akwai kuma tsoron baki. Dattijuwar da ke cewa a daina nuna yarinyar, a riƙa cewa tubarkalla, ana iya yin dariya da yadda take ɓoye ta a bayan ƙyaure in baƙi sun zo, amma a bar mata gaskiyarta, don yaron da aka mayar abin nuni yana cutuwa ko da baki bai kama shi ba. Abin da muke roƙo ku guje masa shi ne mayar da Goggo mai hassada har ta tafi wurin boka. An yi shi ya ishe mu, kuma yana fitar da shirin daga barkwanci.

Game da tsawo, in gurbin da tasha ta ba ku minti 30 ne, bayan an cire talla da taken shiri da sunayen ma'aikata abin da ke rage muku bai cika wuce minti 23 zuwa 25 ba. Shafi ɗaya na rubutun shiri kusan minti ɗaya ne a allo, ke nan shafi 24 ko kusa da haka, fitowa goma zuwa goma sha biyu. Shawararmu labarin tanki ya ɗauki kamar minti 16, labarin Yaya ya ɗauki bakwai ko takwas, su haɗu a kashi ɗaya bisa uku na ƙarshen shirin. Inda aka fi yin kuskure shi ne a saki amsar yarinyar da wuri, a minti na biyar, sai sauran lokacin ya zama maimaita abu ɗaya: ta gyara wa wannan, ta gyara wa wancan. A riƙe amsar har wajen minti na goma sha huɗu, manya su gama zuba nasu bayanan tukuna.

Mai tace hoto ma yana da nasa alhakin, kuma ba ƙarami ba ne. Sautin dariyar da ake ɗorawa shi ke gaya wa mai kallo wanda za a yi wa dariya. In ya zo bayan maganar yarinyar, an ce da yaran gida tunani abin dariya ne. In ya zo bayan Kawu ya fito daga ƙarƙashin tanki da laka a gemu, an yi barkwanci. Lokacin da take kuka kuwa a bar wurin shiru.

Sai maganar yabo. A 1998 wasu masu binciken halayyar ɗan Adam a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun ba yara 'yan firamare aikin warware matsaloli, suka yabi wasu da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma da cewa sun yi ƙoƙari. Waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa sun fi zaɓar aiki mai sauƙi daga baya, sun fi saurin karaya da aka ba su mai wuya, kuma da yawansu sun ƙara wa makinsu da aka ce su faɗa wa wasu yara. Dalilin a bayyane yake: wanda aka ce masa kai gwani ne, kowane kuskure barazana ne ga sunansa. Don haka in duk mutanen gidan shirinku suna cewa yarinyar kwamfuta ce, a samu mutum ɗaya, Baba in ya dawo ko malaminta, da zai zauna ya ce, ya aka yi kika gane? Ya saurari amsar har ƙarshe. Iyaye suna kwaikwayon abin da suka gani, kuma wannan tambayar ita muka fi so su kwaikwaya.

Yawancin irin wannan kashi yana ƙarewa da cewa za a tsallakar da yaro aji, ana murna. Tsallaken aji ba laifi ba ne in an auna yaron ta kowane ɓangare, har da ko zai iya zama cikin waɗanda suka girme shi, kuma akwai yaran da shi ne maganinsu. Amma ku buga lissafin kafin ku sa dangi guɗa. Tsarin ƙasar nan shekara shida ne a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, an kuma gina shi a kan yaro ya shiga aji ɗaya yana ɗan shekara shida ya gama yana da 18. Yaron da ya shiga yana da biyar, aka fitar da shi daga aji huɗu, zai shiga sakandare yana da tara ya gama yana da 15, ko 14 in an sa shi ya zauna WAEC tun yana aji biyu na babbar sakandare. Mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a ta hanyar JAMB kuwa 16 ne, in ban da 'yan ƙalilan da ake tantancewa ta musamman. Ga kuma ɗan shekara tara a makarantar kwana, wanda ko wankin kayansa bai iya ba. Wannan kansa kashi guda ne mai kyau, in kuna so. Akwai hanyoyin da suka fi sauƙi da za ku iya nunawa: a bar yaro a ajinsa amma ya riƙa zuwa aji na gaba a darasin lissafi kaɗai, ko malami ya rage masa maimaici ya ba shi aiki mai zurfi, ko a yi masa katin laburare, ko a haɗa shi da wani mai sana'a a unguwa ranar da babu makaranta.

In labarinku ya kai ga makarantar masu baiwa, akwai ta gaske. Makarantar Gwamnatin Tarayya da ke Suleja a Jihar Neja an kafa ta ne don irin waɗannan yara a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta. Da jarrabawa ake shiga, don haka kada a nuna wani babban mutum ya zo da mota ya ɗauki yaro saboda ya burge shi a wurin biki. Haka nan gwajin kaifin basira. Ba likita ne ke duba idon yaro ya faɗi lamba ba. Masanin halayyar ɗan Adam da aka horar ne ke zama da yaro shi kaɗai, awa guda ko fiye. A ma'aunin da aka fi amfani da shi 100 ne matsakaici, kuma kusan mutum biyu cikin ɗari ne ke kai 130. Akasarin gwaje-gwajen nan da Turanci aka gina su, a kan yaran wasu ƙasashe, don haka lambar da ɗan Unguwar Sanusi zai samu tana iya nuna Turancinsa fiye da tunaninsa. Ko a can ma lambar ba ta faɗin komai da komai. Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya fara bin rayuwar yara sama da 1,500 masu babban maki a 1921. Cikin yaran da aka gwada ba su kai makin shiga ba akwai William Shockley da Luis Alvarez, waɗanda daga baya suka ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks, ɗaya a 1956 ɗaya a 1968.

Masu son su nuna baiwar ta fuskar hadda, muna maraba, don gidaje da yawa a nan ta wannan ƙofar suke fara gane ɗansu. A dai yi shi da ladabi. Ayar Alƙur'ani ba wurin saka sautin dariya ba ce, kuma duk abin da za a karanta a samu malami ya saurara kafin a ɗauka da bayan an tace. A kuma nuna wahalar da ke ciki, tashin asuba da muraja'a da mantuwa da sake komawa, kada yaran da ke fama da izu biyu su ɗauka cewa mai izu sittin daga sama abin ya faɗo masa.

Yanzu ga yaron da zai hau wasan, wanda shi ɗan mutane ne na gaske. Dokar 'yancin yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, ta kuma ce maslaharsa ce kan gaba a duk abin da ya shafe shi, Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar kare yara a 2018. A aikace ga abin da muke ba da shawara. A samu yardar iyaye a rubuce, da adadin kuɗin da ranar biya. Uwa ko uba ko wani babba na gidansu ya kasance a lokeshan daga farko har ƙarshe. Ɗan ƙasa da shekara goma kada ya wuce awa huɗu a gaban kamara a yini, da hutu bayan kowane minti 45, kuma a fara da fitowarsa da safe, manya su jira, maimakon a ajiye shi tun hantsi sai bayan la'asar a neme shi ya gaji ya yi laushi. A ɗauka lokacin hutu ko ranar da ba ta ci karo da boko da Islamiyya ba. Fitowar dare a rufe tagogi a ɗauke ta da rana. Kowace jimlar da zai faɗa kada ta wuce kalma goma sha biyu zuwa goma sha biyar, kuma a bayyana masa lissafin har ya gane shi da kansa, ya auna jarka da bokitin da hannunsa kafin a kunna kamara. Yaron da ya haddace abin da bai fahimta ba, idonsa kan tafi sama yana neman kalma, muryarsa ta zama ta karatun allo, a yi ta maimaita ɗauka har kowa ya gaji. Fitowar kuka kuma kada a tsorata shi ko a yi masa tsawa don hawaye su zo. A juya fuskarsa jikin Kaka, kafaɗarsa da muryar Kakar su yi aikin.

Bayan an haska shiri aikin bai ƙare ba. Guntayen da ake yankawa a saka a TikTok da Facebook su ne suka fi yawo, kuma su ne ke bin yaro har makaranta. Kada a yanki inda yake kuka ko inda ake masa faɗa. Kada a saka sunan makarantarsa ko unguwarsu, kuma rigar makarantar da zai sa a shirin a ɗinka ta daban, kada ta yi kama da ta wata makaranta da aka sani a gari.

Abu na ƙarshe da muke nema mai sauƙi ne. Kafin ku fita lokeshan da wannan kashi, ku miƙa rubutun ga malamin da ke koyar da yara masu shekarun yaron labarinku, ku ba shi kwana biyu. Ya duba lissafin da ke allo da wanda ke bakin 'yan wasa, ya ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ɗan shekara takwas ba zai faɗa ba, ya kuma gaya muku a wace fitowa ce yaron ya daina zama yaro. Kaduna ba ta rasa irin waɗannan malamai, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Rigachikun, ga makarantu a kowace unguwa, kuma mu ma a shirye muke mu karanta duk wanda aka kawo mana.

Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a sana'a.

Naku,
Wasu malaman makaranta da masu tsara labari,
Kaduna.